Ranar da Na Zana Bayan Mahaifiyata

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu na Ajingi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba. Idan za ta aike ni, sai ta dubi randa ko bakin ƙofa ta ce, "Ke, ɗebo ruwa." Idan kuwa maganar mai tsawo ce, sai ta bi ta wurin kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya. A ɗakin Iya aka yaye ni, a ɗakinta na girma. Ina tsaye a wurin za ka ji mahaifiyata ta ce, "Iya, a ce wa waccan ta rage gishiri a miya." Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba kamar yadda ƙannena suke yi. Yaya nake ce mata, yadda na ji 'yan'uwanta suna kiranta. Alkunya ce, kowa ya san ta, har matan unguwa suna yabonta a kai, suna cewa matar nan akwai kara.

Ban taɓa zaton ba ta so na ba. Idan aka yanka kaza, tsokar ƙirji takan biyo ta kwanon Iya ta iso hannuna, kuma na san wanda ya sako ta. Abin da nake nema daban ne. So nake in zauna a gabanta, in dube ta har in ƙoshi, ita ma ta dube ni, ko da sau ɗaya ne a rayuwa.

Littattafan soyayya ne suka sa mini wannan ƙishirwa. Wata ƙawata 'yar Gafasa ce ta fara kawo mini su muna ƙaramar sakandare, a ɓoye cikin hijabi. A cikinsu uwa takan jawo 'yarta jikinta, ta shafa mata kai, ta kira ta 'yar lele, su yi kuka tare har kallabi ya jiƙe. Nakan karanta irin wannan wuri in sake komawa kansa, fiye da yadda nake komawa kan kalaman saurayi. Bangon littattafan kuma shi ya koya mini zane, ko in ce abin da nake ɗauka zane ne. Sai in shafa wa farar takarda kananzir har ta yi shara-shara, in ɗora a kan hoton budurwar da ke bangon, in bi layinta da fensir. A makaranta har layi ake yi a wurina. Na taso da tabbacin cewa Allah ya ba ni hannu, kuma har yau ban sauka daga kan wannan ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne hannu kaɗai ba ya isa.

Da na gama sakandare Baba ya amince in shiga wata makarantar koyon ɗinki da tsara tufafi a Gaya. Kullum da safe in bi bas in tafi, in dawo bayan azahar. Malamarmu doguwar mace ce mai tabarau da igiya a wuya, ba ta cika dariya ba, amma bakinta akwai yaji. Ranar farko na kwashi zanukana na kai mata da hannu biyu, ina jiran a ce aji ya tafa mini.

Ta ɗaga ɗaya ta kai hanci.

"Wannan kuma a tashar mai aka zana shi?"

Aji ya fashe da dariya. Ta baza sauran a kan tebur tana dubawa ta saman tabarau.

"Duk 'yan matan nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya? Wuya kamar na zalɓe, ƙugu kamar na zanzaro. Ke 'yar nan, wa za ki ɗinka wa kaya? Aljanu?"

Daga ranar sunana a ajin ya koma mai aljanu. Ban ji haushi sosai ba, don a littafi ma ai sai an fara wulakanta jaruma kafin tauraronta ya haska.

Mun zaci keke za mu hau. Ina! Malama ta ce wanda bai iya gani ba ba zai taɓa mata almakashi ba. Ta karɓe rula, ta tattara kilinarmu ta goge fensir ta zuba a gwangwani ta rufe. Ta raba mana takardar buhun siminti da aka farke aka goge, ta ce mu ja layi. Layi kawai, daga wannan gefe zuwa wancan, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, har takarda ta cika, a juya baya a sake. Idan ta ga mutum ya maƙale fensir yana jan sa da yatsu, sai ta ɗan bugi gwiwar hannunsa.

"Daga kafaɗa layi yake fitowa. Saki hannun, ba sata kike yi ba."

Daga layi muka koma da'ira. Manya, ƙanana, wata cikin wata, har nakan rufe ido a bas in ga suna juyawa. Sannan ta kawo ƙwarya ta ajiye a tsakiyar aji. Ta ce mu tsaya a kanta mu zana bakinta, muka ga da'ira ce cikakkiya. Ta ce mu zauna, sai bakin ya zama kamar ƙwai a kwance. Ta ce mu durƙusa har idonmu ya zo daidai da tebur, sai ya kusa zama layi ɗaya. Ƙwarya dai ba ta motsa ba. Na sha fura a ƙwarya tun ina rarrafe, amma sai ranar na san bakinta yana canzawa da inda mutum ya tsaya.

Muka koyi inuwa. A jera akwatuna a takarda, a cika na farko da baƙi ƙirin, a yi ta sassauta hannu har na ƙarshe ya zama fari, duk da fensir ɗaya. Ta ajiye tulu a bakin taga ta ce mu nemo inda haske ya sauka da inda ya gudu. Ta koya mana awo da ido: a miƙe hannu sosai, a rufe ido ɗaya, a sa babban yatsa a jikin fensir a ga tsawon wuyan tulu sau nawa zai shiga cikinsa. Takan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, idan an hore shi. Ta yafa atamfa a kan kujera muka wuni muna bin ninkinta, inda ya taru da inda ya zube.

Wanda ya fi ba mu dariya shi ne zane ba tare da duban takarda ba. Sai a huda wata takarda a zura fensir a ciki, ta rufe hannu, yadda ko mutum ya saci kallo ba abin da zai gani. Ido yana kan abin da ake zanawa, yana bin gefensa a hankali kamar tafiyar tururuwa, hannu yana bin ido. Abin da ke fitowa sai ka rantse kaza ce ta yi tono. Amma a cikin wannan tonon kazar akan sami wani lanƙwasa guda da ya fito daidai, wanda da gangan ba za ka iya yin sa ba.

Duk waɗannan na iya su, kuma na riga kowa iyawa. Tuluna har Malama ta manna shi a bango. Matsalata ta taso ne da muka zo kan mutum. Ta ce fuska ba aikinmu ba ce, mu bar ta fara, abin da ya kwantar da hankalin waɗanda iyayensu ba sa son zanen mai rai. Namu shi ne kafaɗa da baya da ƙugu, wuraren da tufa ke zama. Takan zaunar da ɗaya daga cikinmu a gaban aji mu zana ta. To ko wa aka zaunar, gajera ko mai jiki, da na ɗora fensir sai hannuna ya koma gidan jiya. Budurwar bangon littafi ce take fitowa, da dogon wuyanta.

Da lokacin shiga ɗakin yanka ya matso, Malama ta ba mu aikin ƙarshe. Kowa ta je gida ta zano babbar mace a zaune, wadda ta haihu ta yi aiki, kuma da ido za a zana, ba daga hoton waya ba. Wadda ba ta kawo ba, ko ta kawo na ƙarya, za ta ci gaba da jan layi tare da sababbin ɗalibai. Ta juyo kaina.

"Ke mai aljanu, mahaifiyarki nake so ki kawo mini."

"Malama, ni 'yar fari ce."

Wata 'yar Kademi da ke zama kusa da ni ta ce, "Tab! Ai sai dai ta zano miki ƙyauren ɗaki a rufe." Aka yi ta dariya. Malama ma sai da ta murmusa, ta ce to na ji, ki zano kakarki ko wata maƙwabciya.

An ba ni mafita, amma tun kafin bas ta fita daga Gaya na san ba zan bi ta ba. Na jingina kai da gilashi na tsara komai. Za ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, hasken yamma a fuskarta. Zan ɗago, ta ɗago, idanunmu su haɗu. Hawaye zai gangaro mata, ta buɗe hannu. Har abin da zan faɗa na shirya, kalma bayan kalma, kuma ya yi daɗi ƙwarai, don sai da na share ido kafin mu iso Ajingi.

Na sami Iya tana goga goro a magogi. Na gaya mata aikin da aka ba mu.

"To ga ni. Bari in ɗauro kallabin Sallah."

"Ba ke ba. Ke ai fensirina zai ƙare ban gama layukan wuyanki ba."

"Ja'ira! Da ina kamarki, daga Gaya ake takowa a ƙafa a zo kallona a dandali. To wace mai sa'ar ce?"

"Yaya."

Ta dakata da gugar goron.

"Ke kin san abin da bakinki yake faɗa? Ki zauna ki ƙura wa uwarki ido kamar mayya? Malamar ce ta ce lallai sai ita?"

"A'a. Ta ce ko ke ma ya yi. Ni ce nake so."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce littattafan nan sun gama juya mini kai, ta faɗa tun ba yau ba. Sannan ta zuba goron a baki, ta dafa bango ta miƙe, ta nufi madafa. Ina daga ɗaki na jiyo muryar mahaifiyata.

"Haba Iya. Ni? A gaban waccan?"

"Karatu ne, ba rashin kunya ba."

Sai ƙarar muciya a tukunya.

Kwanaki suka yi ta wucewa ba labari. 'Yan ajinmu suna ta kawo nasu, ana buɗe musu ɗakin yanka ɗaya bayan ɗaya, ina jiyo kukan almakashi ta bango. Iya ta ce in bar taurin kai in zo in zana ta a wuce wurin, ta ma yafe mini zagin wuyanta. Na ƙi. Na ce ko zan shekara ina jan layi, zan jira. A raina kuwa ban taɓa shakkar za ta yarda ba, yadda za ta yarda ɗin ne ban sani ba.

Lokacin an kawo gyaɗa gida daga gona. Wata rana bayan la'asar sai na ga mahaifiyata ta fito da tabarma da kwandon gyaɗa. Ba ta zauna a gindin bishiyar da ta saba zama ba. Ta wuce can ƙarshen tsakar gida, kusa da rumbu, ta shimfiɗa tabarmar dab da katangar gabas, ta zauna tana fuskantar katangar, ta ba tsakar gida baya. Kuma ba rigar aiki ce a jikinta ba, wata shuɗiya ce da take sawa idan za ta barka. Ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Iya, ni dai ɓarar gyaɗa zan yi a nan. Ba zan tashi ba sai na ga ƙarshen kwandon nan."

Iya ta leƙo ɗaki.

"Ke mai fensir, kurma ce ke?"

Na ɗauko allon katako da takarda na zauna a bayanta, ɗan nesa kaɗan. Gaskiya ba haka na tsara ba. Ina hasken yamma a fuska, ina haɗuwar ido? Baya aka ba ni, da ƙeya. Na fara zane cikin ɓacin rai, kafin in ankara kafaɗu biyu sun fito a miƙe daidai wa daida, wuya ya fara tsawo. Budurwar ce ta sake biyo ni har gida.

Na juya takardar. Na ce wa kaina yau tururuwa za ta yi tafiya. Na ɗora ido a inda kallabinta ya ƙare, na bar hannuna ya bi.

Wuyanta gajere ne, kauri gare shi, kuma rana ta ƙona bayansa ya fi sauran jikinta duhu. Hujin kunnenta na hagu ya ja ƙasa. Daga wuya na gangara kafaɗar hagu, na dawo na gangara ta dama, sai na ji hannuna ya yi ƙasa fiye da yadda ya yi a ɗaya gefen. Na zaci kuskure ne. Na miƙe hannu, na rufe ido ɗaya, na kwantar da fensir a iska daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ba kuskure ba ne. Kafaɗarta ta dama ta sauka sosai. Da wannan hannun take jan guga, da shi take saɓa duk wani abu mai nauyi tun kafin a haife ni. Shi ya sa wuyan rigar yake zamewa ta wannan gefen, jim kaɗan ta sa babban yatsa ta mayar da shi ba tare da ta sani ba. Akwai tsohon tabon ƙuna a gwiwar hannunta, mai kamar ganyen zogale. Bayanta ya ɗan rusuna daga sama, amma daga tsakiya zuwa ƙugu a tsaye yake kamar turmi. Duk lokacin da ta matse gyaɗa, wata tsoka takan motsa a ƙarƙashin rigar, ninkin yadin ya taru ya sake bajewa.

A gida ɗaya muka rayu, amma ban taɓa kallonta fiye da ƙiftawar ido ba. Yanzu ga ta an ba ni, in kalla yadda nake so. Na manta da jawabin da na shirya a bas. Na manta ma da Malama. Ba na jin komai sai ƙas-ƙas ɗin ɓawon gyaɗa da tafiyar fensir, kuma ban taɓa ganin mace mai kyanta ba, a bangon littafi ko a wajensa.

Ina cikin sa inuwa a ƙarƙashin hannunta sai ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Iya, a ce wa waccan ta miƙe wuyanta. Tun tana koyon zama haka take karkata kai hagu idan abu ya ɗauke mata hankali. Zai yi mata ciwo."

Na tsaya cak. Ta ina ta gan ni? Na ɗaga ido sama da kanta. Rana ta yi ƙasa a bayanmu, ta kwashi inuwarmu ta manna a katangar da take fuskanta. Ga tata, ga tawa a gefenta, ɓaro-ɓaro, kai a karkace, har motsin hannuna ana gani. Tun da na zauna abin da take kallo ke nan. Da saninta ta zaɓi wurin.

Iya da ke zaune a bakin ƙofarta ta tuntsire da dariya.

"Au! Ashe ku biyu ne kuke zanen."

Hannun mahaifiyata ya ƙara sauri a kwando. Ni kuwa na miƙe wuyana, na ga inuwar ta miƙe, na ga kanta ya ɗan gyaɗa. Hawayen da na tanada wa wannan rana bai zo da yawa ba, kuma na hana shi sauka don kada ya ɓata mini takarda. Na ci gaba da aiki har hasken ya janye daga katangar. Sai da na miƙe na lura gyaɗar ta ƙare tuntuni. Ɓawo kawai take juyawa a kwandon.

Washegari Malama ta riƙe takardar ta daɗe tana dubawa. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Wannan kam mutum ce. Kafaɗar nan da ta sauka, gani kika yi ko hannunki ne ya zame?"

"Gani na yi, Malama. Na auna."

"To idan za ki yanka mata riga fa?"

"Sai in ƙara wa kafaɗar dama gangare, in sauke hammatar daidai da shi, don wuyan ya zauna."

Ta miƙo mini takardar, ta nuna ƙofar ɗakin yanka da haɓa.

"Wuce. Aljanu sun yi rashin tela."

Rigar farko da na so in yanka da hannuna tata ce. Amma zane ba ya ba da awo, sai an sa tef a jiki. Yadda aka saba a irin wannan hali shi ne a karɓi tsohuwar rigar mutum a gwada a kanta, to ita kuwa duk rigunanta an yanka su ne kamar kafaɗunta daidai suke. Na bayyana wa Iya haka. Ta ce ni dai ba na ƙoshi, an ba ni baya yanzu kuma taɓawa nake nema, gobe sai in ce a goya ni. Duk da haka ta kai saƙon.

Wannan karon ba a daɗe ba. Ranar wata Juma'a da hantsi, ina ɗakin Iya, sai labule ya motsa. Mahaifiyata ce, ɗauke da turmin atamfa mai ƙanshin ƙasan akwati. Rabon da ta shigo ɗakin ina ciki har na manta. Ta ajiye atamfar a kan gado, ta juya ta fuskanci bango, ta saki hannuwanta.

"Iya, a ce ta yi sauri, na ɗora tukunya."

Na warware tef ɗin. Na ɗora bakinsa a gindin wuyanta, na ja shi zuwa ƙarshen kafaɗar dama, yatsuna a kan fatarta. Ta ɗan zabura. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, kuma ba da Iya take ba.

"Hannunki da sanyi. Kin karya kuwa?"

"Na karya, Yaya."

"To auna da kyau."